Tsagar da Baba Ya Nuna wa Sale

Ranar Talata ce, bayan an gama yankan gero. Da hantsi ina shanya barkono a tsakar gida. Baba yana zuba wa shanunsa harawa.

Ƙauyenmu yana gindin wani dutse a ƙasar Gaya. A kansa kakanninmu suka fara zama, tun zamanin yaƙe-yaƙe. Har yau akwai guntun ganuwa ta duwatsu, da rijiya, da busassun ramukan rini. Hanyar ɓoye ɗaya ce zuwa can, wata tsaga a bayan kukoki, ba ta cin mutum biyu a jere. Ba a nuna ta sai ga wanda aka binne cibiyarsa a garin. In tsoro ya zo, a buga ganga sau uku, kowa ya bi ta.

Baba ne mai riƙon tsagar. Sau ɗaya ya karya dokar. Ya nuna wa Sale, baƙon da ya zo ƙwadago, ya shekara shida a zaurenmu suna cin tuwo kwano ɗaya. Bara Sale ya tafi, ya ce zai dawo.

Ƙarfe goma saura muka ji babura daga gabas. Harbi biyu, sannan babu ƙidaya. Aka buga ganga sau uku.

"Ku hau dutse! Ku bar kaya!"

Na goya 'yata. Baba ya shige gaba da sandarsa, yadda al'ada ta ce. Ni ce ta shida a bayansa. A cikin tsagar ba ka ganin komai sai ƙeyar na gabanka.

'Yan bindiga suna jira a sama. Sun san inda ganga za ta kai mu.

Layi ya tsaya. Na ji Baba ya ce, "Sale?" Ba da ƙarfi ba.

"Ku kwanta!"

Na san muryar. Ita take amsa mini sallama in na kai abinci zaure.

Harbi ɗaya, sannan wasu.

Juyawa ta fi komai wuya. Na baya suna turowa, na gaba suna komowa. Da muka fito, muka faɗa gonakin dawa. Azahar ta same mu a fadama. La'asar muna kan hanyar Ajingi, ba takalmi.

Ranar Laraba maza suka koma. Shanu babu ko ɗaya. Gawa huɗu aka fito da su daga tsagar. Baba ne na ƙarshe, don shi ne a can sama.

Kwanon da suke cin tuwo tare yana wurina. Na wanke shi, na kife.