Sandar Fatsar da Ta Ƙi Fita ta Zaure

Daminar farko bayan an yanke mu daga Sakkwato, an ce mun zama 'yan jihar Kebbi, ni ko ruwan daro ba na iya kallo. Jirgin ruwan da muka shigo daga tsallaken tafki ranar kasuwar Wara ne ya kife da mu dab da gaɓa. Iska ce ta taso, ga buhunan albasa an jibga har sun fi kanmu tsawo. Ba a rasa rai ba, sai awakin wata mata. Ni wata jarka na runguma har masunta suka jawo ni. Amma kafin in samu jarkar na ga ƙarƙashin ruwa, kore shar, shiru kamar an toshe wa duniya baki.

Daga ranar na daina zuwa bakin tafki. Wanki sai a gida. Wanka da moɗa, kaɗan-kaɗan, ba na yarda ruwa ya sauko mini ta ka. Ni da na gama sakandare a Yelwa, na taɓa zana tafkin nan a allo har malam ya sa aka tafa mini, sai ga shi ko sunansa aka kira sai in bar wurin.

Da a ce shi ke nan, da na yi zamana. To, yayata tana aure a tsallake, cikinta ya tsufa, kuma ni aka sa zan je mata zaman jego. Uwar mijinta ta rasu, Inna kuma ba ta iya barin gida saboda Kaka, mahaifinta, da ciwon ƙafa ya zaunar. Hanyar mota zagaye ce mai nisa, da damina ma ba ta biyuwa. Jirgi ne kawai. Inna kuwa sai dai ta dube ni, ta dubi yamma inda tsallaken yake, ta ci gaba da tankaɗenta.

Kaka kuwa tsohon masunci ne, bakinsa bai tsufa ba. Tun ina ƙarama ni ce amaryarsa, irin wasan kaka da jika.

“Amarya, an ce kin yi wa ruwa saki ukku.”

“Shi ya fara sakina, tsoho.”

“To ni ban zama da macen da ba ta kawo min kihi. Maishe ki gidanku za ni yi.”

“Nan ne gidanmu. Kai ne baƙo.”

Wata safiya bayan ruwan sama mai ƙarfi muka tashi tsakar gida duk fikafikan shinge, kaji suna ta wawaso. Kaka ya leƙo daga ƙofar ɗakinsa ya ce yau kifin kawara na biki, duk shingen da ya faɗa tafki kafin ya jiƙe an haɗiye shi. Ina shara na tsaya da tsintsiya a hannu. Na tuna wata tsohuwar mujalla a laburaren makarantarmu, mai hoton wani Bature yana wurga fatsa da siririyar sanda. Ba tana ce a ƙugiyarsa ba, gashin tsuntsu ne aka ɗaure ya yi kama da ƙwaro. Shi a cikin ruwa yake tsaye har cinya, amma wannan haukarsa ce. Ni abin da ya faɗo mini shi ne: in sanda ta yi tsawo sosai, ai mutum yana iya kama kifi yana tsaye a kan tudu, ruwa bai ko san da shi ba.

Wallahi dariya ta kama ni, ni kaɗai, irin wadda rabona da ita tun kafin jirgin. Inna ta leƙo ta ga ko wani abu ya taɓa ni.

A kan rumfarmu akwai tsofaffin gorori na Kaka, waɗanda yake tura jirgi da su a da. Na sauko da su na zaɓi masu lafiya. Na kankare su da fasasshiyar kwalba har suka yi santsi, yatsuna suka yi kanta. Wadda ta lanƙwashe sai in shafa mata man kaɗe, in gasa ta a bakin murhu bayan Inna ta sauke tuwo, in danne a gwiwa har ta miƙe. Ta farko na bar ta ta daɗe, ta yi wata ƙara kamar bindiga, kaji suka watse, Kaka ya yi salati daga ɗaki.

“Ke ɗiyag ga, gidan za ki ƙone muna don kihi guda?”

“Kifinka ne fa.”

“Na yahe. Ba ni daddawa ta ishe ni.”

Ban yafe ba. Mai gyaran keke na bakin kasuwa ya ba ni tsofaffin wayoyin taya da guntun tib. Wayoyin na lanƙwasa da filaya suka zama 'yan zobba da zare zai bi ta ciki. Tib ɗin na yanka siri-siri na naɗe mariƙi da shi. Zobban kuwa da zaren ɗinkin hula na ɗaura su, ja da kore da ruwan ƙwai, ina jera kalolin kamar mai kitson sallah. Nan na fi ɓata lokaci, nan kuma na fi jin daɗi. In ɗauri bai yi kyau ba sai in warware in sake. A gindi na kafa kwarkwaron keken ɗinki da ƙusa, don naɗe zare. Zaren kansa na tsohuwar komar kamun kifi ne, na murza shi da kakin zuma don ya yi nauyin wurgawa kuma ya yi yawo a saman ruwa. A can ƙarshe na ƙulla siririn zaren lailon.

Matsalar tsawo ce. Da fari gora biyu na yi niyya, da tsumagiyar geza a kai. Na haɗa su da guntayen ƙarfen wata matacciyar lema, ƙarshen wannan ya shiga, ƙarshen waccan ya shiga. Sai in kwanta da rana in tuna yadda ruwa ke lasar gaɓa, in tashi in ƙara gora guda. Washegari in sake tunawa, in sake ƙarawa. Ba da kifi nake awo ba, da tsorona nake yi. Sandar ta tashi daga bakin madafa, ta wuce rijiya, ta wuce turken awaki, kanta ya je ya kwanta a ƙofar Kaka. Duk mai wucewa sai ya tsallake ta.

Mahaɗan sun yi ɗan sako-sako. Na jiƙa ƙaro ya yi kauri, na cika su da shi, na shafe duk ɗaurin zaren da shi, na shanya. Ya bushe ƙam, yana sheƙi kamar an yi masa fenti. Na zauna ina kallonta ina jin kaina kamar injiniya.

Saura ƙwaro. Inna tana da wata zabuwa mai baƙin hali, ita ce mai gashin da nake so. Na bi ta bayan rumbu, ta bi ta ƙarƙashin gadon Kaka, ta fito ta haye danga, tana ta kwakwazo kamar an zo yanka ta. Na faɗi sau ba adadi, zani ya kwance, ina dariya har numfashi ya ɗauke. Inna ce ta gaji ta watsa mata tsaba, ta cafke ta, ta fizgo gashi ta miƙo mini.

“Ungo. In ta daina ƙwai, ke za ki yi.”

Na naɗe wuyan ƙugiya da baƙin zare ya yi ciki irin na shinge, na yanko ƙananan gashi biyu na ɗaura su a baya kamar fikafikai. Na farko ya fito kamar kyankyaso. Na biyu kamar abin da kaza ta taka. Wanda ya yi kyau, na ajiye shi a kan tabarma don in gani daga nesa, sai wani ƙadangare ya rugo ya kai masa cafka. Da ƙyar na riga shi. Na yi ta tsalle ina cewa ƙadangare ya shaida, ƙadangare ya shaida. Kaka ya ce shaidar ƙadangare ba ta karɓuwa gaban alƙali.

Ranar da na ce za ni tafki, sanda ta ƙi fita. Zaurenmu mai kwana ne, ka shiga ta nan ka karkata ka fita ta can. Muka tura, ta tokare bango. Muka juya, ta tokare rufi. Cire mahaɗai kuma ba dama, ƙaro ya riƙe. Ƙarshe ta saman danga muka miƙa ta, Inna tana ciki tana turowa, ni ina waje ina karɓa, mutanen da ke zaune gindin bedi suna tambaya ko tuta za mu kafa wa sabuwar jiha.

Inna ta ce za ta raka ni. Ta ɗauki gindi, na ɗauki tsakiya, kan yana ta rawa a gabanmu. Da muka fara jin warin kifi da laka, sai na toge. Na ce mu tsaya. Muka tsaya. Na ce mu je. Muka tafi. Duk da damina ce, lokacin ruwan tafkin ya ja baya, gaɓa ta yi faɗi. Na zaɓi wani dutse nesa da inda mata ke wanki, na hau, na ƙi kallon tsakiyar tafkin, sai gefensa kawai.

Sandar ta fi ƙarfina. Na ɗaga da hannu biyu, na kai baya, na kawo gaba, ƙugiya ta tsinci mayafin Inna ta ɗaga shi sama. Matan wanki suka bar wanki. Wata ta ce, “'Yar boko, tsuntsu kika zo kamu ko kihi?” Na ce duk wanda ya riga. Na sake wurgawa, zare ya naɗe mini wuya. Na sake. A wani karon, ban san yadda aka yi ba, zaren ya miƙe a iska ya sauka a hankali, ɗan ƙwarona ya zauna a kan ruwa yana lilo, kamar ba ni na yi shi ba.

Hannuwana suka gaji. Sanda mai wannan tsawo ba ta tsayuwa, kanta ya sunkuya, mahaɗin ƙarshe ya kwanta cikin ruwa. Ban damu ba. Ni da ke gudun ruwa, duk kwanakin nan ban taɓa jiƙa sandar ko da buta ba, ban tsaya na tuna cewa ƙaron nan da ruwa na narkar da shi ba.

Muka daɗe. Can sai ruwan ya yi wata 'yar tsartuwa, wani abu fari ya ƙyalla, ƙwaro ya ɓace. Na fizga. Sai na ji sanda ta yi sakayau. Tsumagiyar geza ta zare daga ƙarfen lema, zare ya warware daga kwarkwaro har ƙarshe ya fice, ga kan sandata can yana tafiya a saman ruwa, da jan zarena da korena da ruwan ƙwaina, kifi yana ja.

Ban tuna saukowa daga dutsen ba. Na dai tuna ina cewa ɓarawo, ɓarawo, ina gudu, takalmi ɗaya ya maƙale a laka. Na kai hannu, ya goce, na ƙara taku, na damƙo shi. Sai da na riƙe shi gam na ji sanyi a gwiwoyina.

Na duba ƙasa. Ban ga ƙafafuna ba.

Komai ya tsaya. Haƙorana suka fara haɗuwa, na kasa gaba na kasa baya, na kasa ko kiran Inna. Sai na ji motsin ruwa a bayana. Ta shigo da zaninta da komai, ta tsaya kusa da ni kafaɗa da kafaɗa. Ba ta ja ni waje ba.

“Riƙe kihinki,” ta ce. “Jawo shi sannu.”

Na jawo zaren da hannu, yana karkarwa ina karkarwa. Kawara ce, ba ta kai tafin hannuna ba, gashin zabuwa a gefen bakinta. Na dube ta, na dubi ragowar gorar da ke kwance a gaɓa mai tsawon tsinko mangwaro, sai dariya ta ƙwace mini, da kuka a cikinta, da majina. Inna ma ta kama. Muka tsaya cikin ruwa muna yi, matan wanki suna taya mu daga nesa ba su san ta mece ce ba. Na daɗe kafin in ce mu fita, kuma ni na faɗa, ba ita ba.

Kaka ya juya kifin a hannu ya ce ko kyanwa aka ba wannan sai ta kai ƙara. Ya sa aka gasa masa, ya cinye har kai, bai ɗiba mini ba.

Ba zan ce na warke ba. Da saƙo ya zo cewa yaya ta sauka, an samu mace, sai da na yi amai kafin mu kai bakin jirgi. Na shiga idona a rufe, na zauna a can ƙasa, ba a kan katako ba. Ruwan da ke tsattsafowa ta ƙasan jirgin ya taɓa mini ƙafa, na zabura. Mai jirgin ya ga halin da nake ciki, ya miƙo mini ƙoƙo ya ce in yi ta kwarfewa. Na yi ta kwarfa ban ɗaga kai ba, har ruwan ya ƙare ina kankarar katako, wata tsohuwa ta ce in bar musu jirgin kar in huda shi.

Yaya tana ganina ta fashe da kuka, don an gaya mata ba zan iya zuwa ba. Na ce ta bari in zauna tukuna. Aka ɗora mini jaririyar a cinya tun ban wanke hannu ba.

Na hura wutar wanka, na dama kunun kanwa, na yi wankin tsumma har aka yi arba'in. Da aka yi arba'in ɗin mijin yaya ya tambaya yaushe zai yi mini maganar jirgin komawa gida. Na ce masa yarinyar nan ba ta yi ƙwari ba tukuna, a ƙara mini wata guda.