Rubutun Malam Mamuda a Cikin Murfin Agogon Baba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 13 ga Mayun 2025, bayan Azahar, aka kira ni daga Dutsin-Ma aka ce Malam Mamuda mai gyaran agogo ya amsa kiran Mahaliccinsa. Na yi kuka. Amma ba zan ɓoye ba, Malam, hamdala ta fi yawa a bakina, don na riske ka da rai mako uku kafin tafiyarka.

Shekara arba'in kana rumfar nan ta bakin kasuwa, gilashinka maƙale a ido ɗaya. Tsofaffi da yawa ka gyara wa agogo kyauta, ka haɗa musu da goro da faɗan su daina alwala da shi a hannu.

Da aka raba gadonmu a Kurfi, ni na samu agogon da Baba ya sayo a Makka a 1979. Kafin rabon, ya shekara biyu a hannun ƙanena Musaddiq. Wani dillali ya buɗe shi ya ce injin da ke ciki ba na gidan agogon ba ne, an sauya. Ni kuwa da saurin fushi, ban tambayi kowa ba na yanke cewa Musaddiq ya cire na asalin ya sayar. Wata takwas ko sallamarsa ba na amsawa.

Shaida na zo nema wurinka, ba gyara ba. Ka duba lambar inji, ka duba ta gida, ka ce dillalin bai yi ƙarya ba. Har na fara gyara zama. Sai ka juya murfin baya wajen haske, ka nuna mini wani ɗan rubutun ajami da aka zana da tsinin allura: sunanka, da 1994. Ashe duk agogon da ka taɓa sai ka bar masa alama.

Ka ce, "Ja'afar, ni na sauya shi. Ruwa ya ci na farkon a daminar shekarar. Mahaifinka ya ce in sa kowane inji, amma kar in taɓa gidan, da shi ya tsaya Arfa. Wa ka zarga?"

Ba ka ƙara tambaya ba, ka rufe murfin, ka ce motar Kurfi ba ta cika ba tukuna, in yi sauri.

Da na yi jinkirin mako uku, da wa zai karanta mini wannan rubutu?

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna makoma. Uwargidan Malam, Hajiya Ikilima, da 'yarsa Nana Fatima da ƙannenta, Allah Ya ba ku haƙuri. A sallar gawarka kafaɗata na jikin ta Musaddiq, agogon kuma a hannunsa yake.