Hannaye Biyu a Bayan Sarkin Rum

A hunturun da council, hukumar birni, ta rage ma'aikata, Umma ta rasa aikinta a Manchester, ta samu wani a gidan kula da tsofaffi can Birmingham. Ni da Baba muka rage a Fallowfield, unguwarmu a Manchester, yana fama da karatun uni, wato jami'a, yana dafa shinkafar da ko tattabarun unguwa sai sun yi shawara kafin su ci. Kullum a waya gardamarsu ɗaya: wa zai bi wani. Ina shekara takwas, na tabbata gidanmu ya tsage.

Sai aka kai ajinmu gidan tarihi. Cikin gilashi na ga tsabar kuɗin zinariya na sarakunan Rum, ƙanana kamar maɓallin riga, kowane sarki da ganye a ka da wuya irin na bijimi. Matar da ke zagayawa da mu ta ce hoton bayan tsabar saƙon sarki ne: mace mai fukafukai nasara, hannaye biyu riƙe da juna kuwa sulhu. Na manna goshi har gilashin ya yi hazo, ina ganin hannayen nan suna bin aljihun fatake, suna tsallake teku, duk garin da suka sauka faɗa ya mutu.

Wautata ita ce na ɗauka abin da aka buga a zinariya dole ya faru. Na ci cakulan mai siffar tsaba har cikina ya fara kiran sallah, na goge takardar ƙyallin mai ruwan zinariya da aka naɗe shi da ita da bayan cokali, na zana kaina da ganyen alayyahu, a baya hannaye biyu. Ranar da muka hau doguwar motar coach zuwa Lozells, unguwar da take a Birmingham, na damƙa wa Umma.

"Sadiku, wannan ƙaguwa ce?"

"Hannunki ne da na Baba."

Ta daɗe tana kallonta. Baba ya cire hula ya ce, "Ranka ya daɗe, mun ji umarni," amma muryarsa ba ta yi dariya ba.

Yanzu na san sarakunan sukan buga hannayen ne lokacin da suka fi tsoron rikici, kuma ina kewar yaron da bai sani ba. Gardama dai ba ta mutu ranar ba. Sai da bazara Baba ya haƙura, muka kwashe kaya zuwa Lozells, shi ya riƙa bin coach zuwa uni.