Shi Ya Tashi, Ni Na Zauna

Har gobe, in na buɗe tsohon littafi ƙamshin takarda ya bugi hancina, sai in ga kaina a barandar gidanmu na unguwar Faisal, a Alƙahira, ina 'yar shekara goma sha ɗaya. Can ƙasa motocin haya na ta ihun neman fasinja, mai sayar da gas na ƙwanƙwasa tukunya da sifana, ni kuwa ina zaune kusa da ƙafar kakana da littafi a cinya.

Karatun addini ya kai mahaifina Masar, a can aka yaye ni. Kakana na wajen uwa ya iso mana da zafin 2013, neman maganin ciwon zuciya. Tsohon lauya ne, ya kuma taɓa zama ɗan majalisa a jiharmu. Yana jin Hausata mai cike da kalmomin Larabci irin su yalla da khalas ya raɗa mini Amarya Balarabiya, ya ce sai ya sake ni in ban gyara bakina ba. Ni ma ban raga masa ba, na ce wa zai zauna da ango mai haƙora shida.

Idonsa ya riga ya yi rauni, saboda haka karatu ya faɗo kaina. Littafi ɗaya tak ya zo da shi, na Turanci, bangonsa duk ya saɓule. Tarihin wani lauya ne na ƙasar Ingila da ya rayu shekaru ɗaruruwa da suka wuce. Ɗan ƙauye ne, ya tafi birni ya koyi shari'a, ya shiga majalisa. Kullum bayan la'asar sai in karanta, kakana na gyara mini Turanci. Gaskiya littafin ya gundure ni, don duk dogon zance ne na tsofaffi masu gardama. Amma akwai shafi ɗaya da ba mu taɓa wucewa ba. A nan ne sarkinsu ya nemi abin da doka ba ta ba shi ba, majalisa ta yi tsit, lauyan ya miƙe tsaye ya ƙi, aka kai shi kurkuku. Da na kai nan sai kakana ya ɗaga hannu in tsaya. Washegari mu koma baya mu sake tahowa.

Wata rana na gaji na tambaye shi dalili.

"Amarya, shi ya tashi," in ji shi. "Ni na zauna."

Mahaifiyata ce ta warware mini, tana tsintar shinkafa. Lokacin da yake majalisa, an kawo batun karɓe gonakin garinsu don wani babban aiki. Gonar gadonsu na ciki, wadda ƙaninsa ke nomawa. Mutanen gari sun kwantar da hankali, tunda ɗansu lauya na can. Ranar da aka ce wanda bai yarda ba ya miƙe, kakana ya dubi manyansa na siyasa, ya ci gaba da zama, aka karɓe gonakin. Tun daga ranar ƙaninsa bai sake yi masa magana ba, fiye da shekara talatin.

Da likitoci suka sa ranar aiki, sai kakana ya shiga neman gafara kamar yadda manya ke yi. Ya kira 'yan'uwa da abokai ɗaya bayan ɗaya. Ƙanin ne ya gagara, don ko an miƙa masa waya ba ya karɓa. Sai dai wasiƙa. Ƙanin kuma ajami kawai yake karantawa, ga kakana da duk takardunsa hannunsa bai saba da ajami ba. Bai so surukinsa ya ji abin da zai faɗa, 'yarsa kuma akwai kunya. Aka rasa mai rubutu sai Balarabiyar da ake wa dariya, ni da na tashi da haruffan Larabci.

Na zaci zai yi dogon bayani irin na kotu. Layi huɗu ya faɗa. Ya ce tsoro ya ji, ba rashin sani ba ne, ba shi da hujja, ƙaninsa ya yafe masa don Allah. Ina rubutawa ina mamaki, domin ban taɓa ganin babban mutum ya ƙasƙantar da kansa haka ba. Wani ɗalibi mai tafiya hutu gida ya karɓi saƙon.

Amsa ta zo kwana biyu kafin aikin, ta bakin wani ɗalibi da ya dawo daga gida, tare da ɗan ƙullin gero. Wai a ce wa Yaya ba a yafiya ta takarda, ya warke ya zo gida su zauna. Kakana ya yi dariya har da hawaye, ya ce taurin kan nan na mahaifinsu ne. Ya sa aka dama masa kunu da geron, ya sha cokali uku. Bai farfaɗo daga aikin ba. A Alƙahira aka binne shi, ɗalibai 'yan gida suka ɗauki gawarsa.

Yanzu mun dawo Najeriya, ni ma shari'a na karanta. Na ƙarasa littafin nan ni kaɗai, na ga lauyan ya fito daga kurkuku ya mutu a gidansa cikin 'yan'uwa, abin ya yi mini ciwo. Yau neman gafara ya yi arha, saƙo ɗaya ake tura wa mutum ɗari a waya.

Duk ƙaramar Salla nakan je garinsu in gaida ƙanin kakana. Shi ma ido ya tafi. Bayan gaisuwa sai ya laluba aljihu ya zaro wasiƙar, ta yi laushi saboda naɗi, ya miƙo mini.

"Ke kika rubuta, karanta mini."

In karanta layukan nan huɗu. Ya juya fuska gabas, ya ɗaga murya kamar mai kiran wani a ƙetaren gona: "Na yafe, Yaya. Ka ji? Na yafe."