Kowa Ya Ja Da Baya, Bulus Ya Matsa Kusa

Shekara tara ke nan da aka kira ni a waya, ina tsakiyar sauke kaya a shagona na unguwar Tunga a Minna, aka ce Bulus ya rasu. Ba jinya ya yi ba, ba kuma hatsarin mota ba ne. Bam ne ya tashi da shi a filin jirgin saman wata ƙasa mai nisa, inda mukan je saro kayan gyaran babur da keke.

Bulus abokin kasuwancina ne, ɗan manoma daga wajen Maikunkele. Shi Kirista, ni Musulmi, a kan tebur ɗaya muka fara sayar da fulogi da tiyub. Ni na iya ciniki, shi ya iya mutane. Akwai wani benci da ya ajiye a ƙofar shago. Duk ɗan keken da ya iso yana huci, ko an kama masa keke ko fasinja ya zage shi, sai Bulus ya jawo bencin ya ce, "Zauna, ɗan'uwa. Wa ya taɓa ka?" Ya sa a kawo ruwan sanyi, ya saurara har mutum ya amayar da abin da ke cikinsa.

Nakan ce masa, "Kai Bulus, shago muka buɗe ko kotu?"

Sai ya yi dariya. "Alhaji, kai ka yi ta ba taya iska. Ni bar ni in rage wa mutane tasu."

Wani ɗan kasuwa Bakano da suke layi ɗaya a filin jirgin shi ya ba ni labarin yadda abin ya faru. Wani mutum, ɗan ƙasar, ya tsaya tsakiyar jama'a rungume da jaka, yana kuka yana ihu da yarensu. Mutanen wurin suka yi ta ja da baya. Bulus ya ajiye kayansa, ya dafa ƙirji, ya nufe shi yana cewa, "Yi haƙuri, yi haƙuri," da Hausa, kamar yana Tunga. Mutumin ya yi ta korarsa da hannu. To a wurinmu wane mai fushi ne ba ya cewa a ƙyale shi? Kuma wa ya taɓa ƙyale shi? Bulus ya ƙara matsawa. Su biyu suka mutu.

Daga baya muka ji cewa an rushe wa mutumin wurin sana'arsa, ya yi shekaru yana zarya ofis-ofis, babu wanda ya saurare shi. Ban yi masa uzuri ba a lokacin, yau ma ba na yi. Bulus bai rushe masa ko bulo ɗaya ba, ya kuma bar matarsa da 'ya'ya. Amma ni mai sayar da taya ne. Na san abin da ke faruwa idan aka yi ta ɗura iska ba a dubawa, na kuma san idan ta fashe ba ta zaɓar wanda ke tsaye kusa.

Nakan tambayi kaina me Bulus zai ce da ya ga Minna ta yau. Yanzu idan mutum ya tsaya bakin titi yana kuka, kafin a samu mai tambayarsa an samu masu ɗaukarsa bidiyo. Ina jin da ya ce mun iya kallo, mun manta matsowa.

A damunar bana babban ɗansa Ishaya, magidanci yanzu, ya shigo shago idanunsa jajur. Wani mai hannu da shuni ya katange rabin gonar da ubansa ya bar musu, shari'a kuma sai ɗagawa ake yi.

"Baba Alhaji, na gaji," in ji shi. "Ranar da na yi abin da zan yi, duk garin nan sai ya ji."

Ban taɓa ganin fuskar mutumin filin jirgin ba, amma ran nan na ji muryarsa a bakin ɗan wanda ya kashe. Ga masu saye suna jira. Na bar su, na jawo bencin, na ce, "Zauna. Wa ya taɓa ka?"

Ya tsaya yana kallona. Ya san maganar wa ce. Ya zauna, ya rufe fuska, ya yi kuka irin wanda bai yi ba ko ranar jana'iza.

Tun daga ranar, duk zaman kotu nakan rufe shago mu tafi tare. Wani lokaci a saurare mu, wani lokaci mu dawo haka, mu ci abinci a hanya yana faɗa ina ji.

Bulus bai bar gidan sama ba, sunansa ma ya goge a allon shago. Abin da ya rage nasa a shagon benci ne da tambaya ɗaya. Halin nan nasa shi ya kai shi kabari, ban ɓoye ba, kuma shi nake riƙe ɗansa da shi yau. Ban sani ba ko gonar za ta dawo. Amma muddin ina numfashi, Ishaya ba zai tsaya yana ihu shi kaɗai mutane suna ja da baya ba.

Allah ya sa ka huta, Bulus.