Fararen Farantai

Kafin yayana ya sami aiki a wani shagon kayan kicin a titin Sultana, a tire ɗaya muke cin abinci a gidanmu na unguwar Uhudu, nan ƙasa mai tsarki. A shimfiɗa leda a ƙasa, Umma ta juye shinkafa, mu kewaye ta har da Baba, kowa ya haƙa gabansa. Wa ya ci da yawa, wa ya ci kaɗan, Allah kaɗai ya sani. Ni ce mai wanke-wanke, kuma kullum tas tiren ke zuwa mini, don ƙannena maza biyu ba sa barin ko ƙwaya.

Wata rana Yaya ya shigo da ƙaton kwali yana washe baki. Farantai ne ƙirar Amurka, farare fat, ba fure, ba zanen zinare a baki, ba nauyi, da kofunan gilashi waɗanda ake ganin komai ta cikinsu. Umma ta saba da tangaran mai furanni irin wanda alhazai ke saya su kai gida. Ta ɗauki ɗaya ta juya shi, ta ce, "Wannan ai ba su gama shi ba suka ba ka."

"La ya Umma, haka yayin yake," in ji Yaya, yana cakuɗa Hausa da Larabci. "Amurkawa sun ce abinci ya kamata ido ya gani, ba faranti ba. Kowa da nasa."

Ya haddace zancen shago kamar karatu. Har ya saki ɗaya a ƙasa don mu ga ba ya fashewa. Ni dai abin da na hango shi ne wanke-wankena ya ninka.

Baba direba ne a wata gonar dabino a Al-Awali, mutum marar yawan magana. Ya ce, "Me tiren ya yi muku?" Amma bai so ya kashe wa ɗansa gwiwa ba, sai ya miƙa hannu ya karɓi nasa.

A abincin ranar nan kowa ya cinye, ban da Baba. Ya ture shinkafar gefe, amma farantin shimfiɗaɗɗe ne, ba lungun da za ta ɓuya. Ya ce ya ci a gona. Washegari ma haka, wanshekare ma haka. Sai na fara kallonsa. Loma ɗaya, ya kurɓi ruwa, ya miƙe wuya, ya jira. Ta cikin gilashin ina ganin ruwan ma da kyar yake raguwa. Na tuna mun daɗe muna tsokanarsa cewa tela ya cuce shi, jallabiyarsa ta yi masa yawa. Ashe a tire hannunsa na kai da komo ne kawai kamar na kowa, yana tura shinkafar gaban yaran.

Da kyar Umma da Yaya suka ja shi asibiti. Likita ya keɓe Yaya ya gaya masa ciwo ne a hanyar abinci, ya daɗe, ya bazu, da tun bara aka zo da an gwada wani abu. Aka sallame su da maganin rage zafi.

Na tsani farantan nan, har yau ban daina ba. Sun faɗi gaskiya a lokacin da ba ta da amfani ga kowa. Ran nan a kicin na maka ɗaya da bango iya ƙarfina, ya faɗo yana juyi, ko tsagewa bai yi ba. Na ɗauke shi na wanke.

Abinci ya zama abin tsoro a gidan. Umma ta daina cin nata, sai kallon na Baba. Wata rana ina zuba miya ya leƙo kicin, yana dafe da ƙofa. Sunan mahaifiyarsa gare ni, don haka ba ya kiran sunana.

"Uwata, ki riƙa zuba mini kaɗan, daidai wanda zan iya cinyewa. Ummanki ta ga farantin wayam, ko ta samu ta ci nata."

Na ce to. Na fara da ludayi ɗaya, na koma rabi, na koma cokali biyu na fate a tsakiyar faranti. Ya cinye, ya tura shi gaban Umma. Ta ce, "Alhamdulillahi, yau ka ci." Ta sani, shi ma ya san ta sani. Yaya kuwa ya daina ɗaga kai a wurin cin abinci.

Ranar wata Juma'a bayan an sauko masallaci na kai wa kowa nasa, na ajiye na Baba a gabansa. Ya yi bisimilla, ya zauna da mu har muka gama, ya tura shi gaban Umma, ta yi hamdala. Da na kwashe kwanuka na ɗauki nasa zan sa a ruwa, sai na ga ba abin wankewa, tunda ba abin da na zuba a ciki, na mayar da shi kan 'yan'uwansa.