Ranar da Hamani Ya Ji Tausayin Albasa

Har in koma ga Allah ba na manta ranar da tausayi ya kusa tashin Baba Alhaji Ɗangande daga gonarsa ta albasa a Aliero. Ku yaran yanzu da kunka tarar da aikin a gyare, ku gyara zama.

Rani na biyu ne bayan an ba mu jihar Kebbi. Ni ne helima a gonar, wato babban lebura. Daga mai gona sai ni, daga ni sai mai kula da injin ruwa, sannan masu dashe da ban ruwa. Ban yi boko ba, kuma iyakar yawona Birnin Kebbi, nan ma ciwon haƙori ya kai ni.

Baba ya tsufa, gwiwa ta ƙi. 'Ya'yansa maza duk sun tafi Ikko neman kuɗi, haka ma samarin unguwa. In ka leƙa fadama sai furfura. Shi ya sa kowane tsoho ya koma ɗaukar 'yan ci-rani daga Nijar. A lokacin na ji a rediyo wai Turawa ma tsofaffinsu sun yi yawa, haihuwa ta ragu, sai sun ɗebo ma'aikata daga ƙasashen talakawa. Na ce, "Baba, ashe ka zama Bature ba mu sani ba." Ya ce, "Kai dai Buba, Baturen da ba ya da haƙoran cin goro?"

Amma akwai abin da ke cin ransa. Babban ɗansa Sanusi ya aiko cewa in gonar ba ta yi abin kirki ba bana, zai ba da ita aro, ya ɗauke Baba zuwa Ikko ya huta. Baba kuwa ya ce a kai shi kushewa ya fi mai sauƙi.

Cikin baƙinmu akwai Hamani, Bazabarme daga wajen Doso. Dogo ne, ba ya da hayaniya, aiki kamar ba ya da ƙashi. Manomin gero ne, bai taɓa noman albasa ba sai a wurinmu.

Ga yadda aikin yake, don wanda bai sani ba. Ana rainon iri, a dasa a fangali, a dinga ba shi ruwa har ya yi kai. Da wuyan albasa ya kwanta, ganye ya fara ja, sai a yanke ruwa ɗungurungum, a bar ta ta sha rana. In an cire, a yanke lawashi, a shimfiɗa ta a rudu, rumfar karan da ake ajiya, har ta yi tsada. Wadda ta sha ruwa gab da cira ba ta ajiyuwa, ruɓewa take tun daga ciki. A Aliero ko akuya ta san wannan. To, shi ya sa ba wanda ya tuna ya faɗa wa Hamani.

Ranar kasuwar Jega munka tafi da Baba sayo buhuna, munka bar Hamani da gadi. Lokacin wuyan albasa ya kwanta, mun riga mun yanke ruwa. Da la'asar muna dawowa, tun daga nesa na ji inji yana tuƙ-tuƙ-tuƙ. Na diro daga babur na bar Baba yana reto a baya.

Ga Hamani ya naɗe wando, yana buɗe wa ruwa hanya da fartanya, fuskarsa fal murna. Gefen gabas duka ya jiƙe sharkaf.

Na ce, "Hamani! Wa ya aike ka?"

Ya ce, "Helima, ku ji tsoron Allah. Ga rijiya cike, ga shuka ta kwanta tana mutuwa, ku kuna kasuwa."

Na kashe inji, na ce ya tattara tabarmarsa, gobe ya kama hanyar Doso. Baba ya iso yana dogara sanda. Ya tsuguna da ƙyar, ya tura yatsa cikin laka. Na san Ikko yake hange.

Can ya dubi Hamani ya ce, "Ɗana, mi ya sa?"

Hamani ya sunkuyar da kai. "Baba, garinmu na ga gero ya kwanta haka, munka yi ta duban sama, ba ko ɗigo. Shi ya koro ni nan. Ban iya ganin ruwa da ƙishirwa wuri guda in naɗe hannu."

Baba ya juyo gare ni. "Buba, kai da bakinka ba ya hutawa, har labarin Turawa ka ba ni, amma labarin albasa ya gagare ka?"

Leburorin da hayaniya ta taro sunka fashe da dariya. Na ce, "Baba, ai ko yaro ya sani."

Ya ce, "Yaran da sunka sani suna Ikko. Wanga da bai sani ba shi ag gona. Ba inda za shi."

Shawarar da Baba ya yanke ita ce a raba gonar biyu. Wadda ta sha ruwa munka cire ta da wuri, munka kai Jega a ɗanyarta, lokacin da kasuwa ta cika da albasa, dillalai suna yi mana kallon masu gudun gobara. Mun faɗi a wannan, ba ƙarya. Lawashin kuwa mata sunka daka shi gabu na miya. Wadda ruwa bai kai ba munka zuba a rudu, Hamani ya ɗauki kula da ita kamar jinjiri, yana juyawa yana tsince mai tabo. Da damina ta kama ta yi tsada, ita ta rufe ramin.

Sanusi ya zo da babbar Sallah da takalmi mai ƙyalli. Ya zaga gona, ya ce, "Baba, ka cika wurin da baƙi. Yaya mutum zai bar ƙasarsu ya zo yi wa tsohon wasu bauta?"

Baba ya ce, "Kai can Ikko mi kake yi?"

Ya ce gadi, a gidan wani dattijo da 'ya'yansa duk suna Ingila.

Baba ya ce, "To, ka gaishe shi. Ka ce na ba shi aron ɗa, ni ma Doso ta ba ni." Sanusi bai sake tada zancen Ikko ba. A Aliero Baba ya cika, Hamani yana cikin waɗanda sunka ɗauki makara.

Abin da na koya shi ne, baƙo ƙarfinsa da halinsa yake zuwa da su, sanin wuri kai za ka ba shi, har abin da kake ganin akuya ta sani. Yanzu Hamani ne helima a wata gona a Gumbin Kure. In wuyan albasa ya kwanta, cire igiyar tada inji yake ya sa a aljihu. An ce ko masallaci da ita yake shiga.